Matar da Ta Ba Wasan Wuta Baya

Mai hoto ya daɗe yana neman na abinci a filin nan duk ranar bikin 'yancin kai, amma bai taɓa ganin irin wannan dattijuwa ba. Kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar wasan wuta, ita kuwa ta ba wutar baya. Gajeriya ce, mayafinta ya koɗe, gilashin wayarta a tsage. Da zarar sama ta cika da haske, sai ta ɗauki fuskokin samarin da ke cikin taron. Duhu na dawowa ta sunkuya, ta buɗa hoton da yatsu biyu, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, ai wutar tana bayanki," in ji mai hoto.

"Na sani, ɗan nan. Haskenta nake ara. Ɗana ba ya bari wannan taro ya wuce shi."

Mai hoto ya kasa tambayarta yaushe rabonta da shi. Yana dai ganin waɗanda take dubawa gemu bai gama fito musu ba, alhali wanda take nema, in yana raye, yanzu ya fara furfura.