Yaya Iro da Bafillacen Cikin Tele

Fuf! Fuf! Duk wanda ya zauna Gazawa a wancan zamani, in ya ji wannan ƙara ya san Yaya Iro ya iso rumfata. Ba ya sallama sai ya hura. Zai zare kaset ɗin gem daga cikin na'ura, ko da yanzu wani ya gama wasa da shi lafiya lau, ya kumbura kumatu, ya hura masa iska har da yayyafin miyau, ya mayar, sannan ya waiwayo ya ce, "Salamu alaikum. Yanzu ya farka."

In na ce, "Haba Yaya, ai ba barci yake ba," sai ya ce, "Laminu, kai ka saye shi, ni na san halinsa."

Ɗan wan babana ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, gemunsa ma ya fara furfura. Ku da kuka san shi kun san sana'arsa awo ce a kasuwa, shi da tiyarsa ta auna hatsi. To shekarar da fari ya ƙone gero, fara ta zo ta lashe abin da ya saura, sai mai awo ya rasa abin aunawa. Ni kuwa a lokacin na sayo tsohuwar na'urar gem daga tsallaken iyaka, na haɗa da tele, wato talabijin, da ɗan gurup mai ba da wuta, na kafa rumfar zana kusa da tasha. Don samari na yi ta. Ban taɓa zaton dattijon gidanmu ne zai zama limamin wurin ba.

Ranar farko leƙowa ya yi don ya yi mini faɗa. Aka miƙa masa manet, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, aka ce ya taɓa ya ji. Shi ke nan fa! Faɗan da ba a yi ba ke nan har yau.

Yaya Iro bai taɓa jin wata ji-ta-ji-ta a kan gem ya bar ta ta wuce ba. Aka ce masa in ka danna da ƙarfi naushin ya fi zafi, ya riƙe. Idan yana wasan faɗa, sai ka ji manet na kuka a hannunsa kamar ana murɗe wuyan zabo. Ana nan sai babban yatsansa ya kumbura ya yi suntum, dole Hajo matarsa ta tasa shi gaba zuwa likita.

Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya duba yatsa ya ce, "Malam Iro, mi ya same ka?"

"Faɗa na yi, Majo."

"Da girmanka? Da wa?"

"Da wani ƙato mai kitso har gadon baya. Ba ɗan garin nan ba ne."

Majo ya ajiye auduga. "An kai magana jandarma?"

"A'a, bar ni da shi. Kullum yana rumfar Laminu, ba ya zuwa ko'ina. In na warke zan koma mashi."

Wallahi da la'asar sai ga Majo da kansa a bakin rumfata, fuska a ɗaure, wai ya zo ganin baƙon da nake ɓoyewa yana dukan dattawa!

Kuma bai yarda na'urar tana adalci ba. Tunda daga tsallake aka sayo ta, a ganinsa 'yan can take so. Duk ranar da wani direban Katsina ya zo ya lallasa shi, sai ya kakkaɓe riga ya ce, "Yo mi za a yi? 'Yar garinsu ce." Ranar da shi ya ci kuwa, sai ya shafa kanta ya ce, "Madalla, ta fara shan ruwan Gazawa."

Amma babbar maganar ita ce ta Bafillace. Akwai Sale ɗan kabu-kabu, mai jigilar mutane zuwa bakin iyaka, shi ya kawo labarin. Ya ce can Katsina kowa ya sani: a cikin kaset ɗin faɗa akwai wani ɓoyayyen jarumi da ba ya cikin jerin waɗanda ake zaɓa, Bafillace ne dogo, da malfa, da sanda gicciye a kafaɗa. Bugu ɗaya yake yi a gama. Amma ba ya fitowa sai ga wanda ya kayar da kowa da kowa ba tare da ya yi tsalle ko ya yi magana ba, kuma ƙafa ba takalmi.

Na ce, "Sale, ka gan shi da idonka?"

"Ni ban gani ba, amma ƙanin mai faci na tashar can ya gani."

Yaya Iro dai tuni ya tuɓe takalmi.

Jama'a, mutumin da ba ya iya shiru ko a wurin gaisuwar mutuwa, sai ga shi yana wuni baki gum, yana zufa, yana harara. In ka gaishe shi sai ya ɗaga maka gira. Ya sha kashi har ba a magana. Da ƙyar wata rana ya kai ƙarshe, ya kayar da kowa, ya miƙe yana jiran Bafillace. Sai rubutu kawai ke hawa sama a tele.

Ya damƙi Sale. "Ina yake?"

Sale ya sosa ƙeya. "Baba Iro, ka ci albasa yau?"

"Na ci."

"To ai shi ya sa. Ba ya son wari."

Ya bar albasa. Ya sake kaiwa ƙarshe, Sale ya ce ai sai ranar kasuwa, don Bafillace ba ya shigowa gari sai ranar kasuwa. Wannan kam ta shiga kan Yaya Iro ƙwarai, ya ce, "Gaskiya ne, haka halinsu yake."

Ranar kasuwar kuwa akwai wani makiyayi, Jaɓɓo, daga wajen Gangara. Shanunsa sun yi ta faɗuwa saboda rashin ciyawa, ya koro 'yan ragowar ya sayar a wulaƙance, zuciya ba daɗi. A tasha ya ji ana cewa akwai ɗan'uwansu kulle cikin akwati a rumfar Laminu. Ya ce bari ya gani. Ya shigo a hankali, ya tsaya bayan Yaya Iro, malfa a ka, sanda gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta.

Yaya Iro bai san da shi ba, ya duƙufa. Ya kai kan ƙaton ƙarshe, ya kai masa naushi, ƙato ya faɗi. Daidai nan man gurup ya ƙare. Tele ta mutu ɗif, gilashinta ya koma baƙi kamar madubi. Yaya Iro ya ƙura ido. A cikin gilashin ga mutum dogo, ga malfa, ga sanda.

"Allahu akbar! Ga shi nan! Laminu, ga shi nan! Sale, ka yi gaskiya!"

Jaɓɓo ya sunkuyo kusa da kunnensa ya ce da Fillanci, "Jam na, Baaba?"

"Har yana gaisuwa!"

Na ce, "Yaya, waiwaya mana."

"Ba ni waiwayawa! In na ɗauke ido ya ɓace!"

Rumfa ta kece. Sale ya faɗo daga kan benci. Jaɓɓo, wanda ya shigo kamar zai yi kuka, ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Da Yaya Iro ya waiwaya daga ƙarshe ya gan shi zaune, bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, ka fito ke nan. Sannu da hanya." Har ya koma ga Allah, in aka tayar da zancen, cewa yake, "Ni dai na cika sharuɗɗa, Bafillace kuma ya bayyana. Ta inda ya biyo ba ruwana." Jaɓɓo kuwa ya zama abokinsa, duk ranar kasuwa sai ya biyo sun gaisa.

To ba kullum ake dariya ba. Da damina ta kama, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, sai magana ta fara yawo a gari wai na'urata ce ke korar ruwa. Wasu suka ce ƙarar gurup ce, wasu suka ce aljanun cikin tele ne. Mutane sun shuka iri ya ƙone, ransu a ɓace, kowa na neman wanda zai ɗora wa. Mai gari ya aiko a zo da ni da kayana gaba ɗaya. Hankalina ya tashi, don rumfar nan ita ke ciyar da gidana a shekarar.

Yaya Iro ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni zan yi magana."

Da na san abin da zai faɗa, da na ɗaure shi a gida.

Dattawa sun cika zaure. Ya miƙe ya gyara riga ya ce, "Ranka ya daɗe, masu cewa na'urar nan na korar ruwa ba su san ta ba. Yo yaya za ta kori ruwa alhali ruwa na cikinta? Ni da idona na gani, a wasan tseren mota, kamar da bakin ƙwarya!"

Wani tsoho ya zabura. "Kun ji ko! Ashe ita ta shanye mana shi!"

Zaure ya rikice. Na dafe kai na ce yau tawa ta ƙare. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ce a tayar da gurup a nuna masa. Yaya Iro ya zauna a ƙasa, ya sa kaset ɗin mota, ya kai wurin da ake tsere cikin ruwan sama.

Kowa ya zuba wa tele ido. Ruwa na zuba a kan titi, walƙiya na haskawa, itatuwa kore shar a gefen hanya. Ba wanda ya kalli motar. Tsohon nan da ya zabura ya matso, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin tele, ya duba, ya mayar da hannun cikin riga. Da tseren ya ƙare, mai gari ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "Iro, sake sa mana."

Aka sake. Sannan liman ya ce, "Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ruwa ba ya cikin akwati, ba kuma akwati ke riƙe shi ba. Gobe a fito roƙo." Mai gari ya ce in kwashe kayana in tafi, amma in rage ƙara lokacin salla.

Muna fita na ce, "Yaya, ka kusa kashe ni."

Ya ce, "Kai dai ba ka san shari'a ba. Sai an tsorata su tukuna."

Akwai kuma wata doka da ya kafa a rumfar a tsakiyar yunwar nan. Ya ce na'ura na jin ƙugin ciki ta cikin wayar manet, kuma ba ta ba mai yunwa nasara. Saboda haka ba wanda zai taɓa manet sai ya ci wani abu. Kullum da hantsi sai ga shi da ƙwarya rufe da faifai, Hajo ta kwaɗa tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, wata rana da ɗan barbaɗen gari in an samu. Samarin nan, da yawansu tun jiya ba su sa komai a baki ba, amma girman kai ba zai bar su su faɗa ba. Sai ya tsare ƙofa ya ce, "Kai Habu, cikinka na ƙugi, za ka ɓata mana na'ura. Ɗebi loma." Habu ya ce ya ƙoshi. "Ƙarya kake, tun daga nan nake jin ta tana ƙorafi. Ɗebi!" Su ci suna dariya, suna cewa Baba Iro da camfi.

Wata rana da muka rage mu biyu na ce, "Yaya, wannan ta ƙugin ciki kuma wa ya faɗa maka? Sale?"

Ya leƙa waje ya ga ba kowa. Ya ce, "Wannan ni na ƙera ta. Sauran duk gaskiya ne, wannan ce kaɗai ƙarya. In ka faɗa wa yaran nan, ni da kai ne."

Ban faɗa ba sai yau. Hajo ce ta gaya mini daga baya cewa rabonsa ne na rana yake sa ta juye a ƙwaryar, shi ya wuni da ruwa da ɗan goro.

Shekaru sun wuce, ruwa ya dawo, ya koma kan tiyarsa, rumfar ma ta zama shagon cajin waya. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ranar jana'iza na ga samarin nan, yanzu duk magidanta, wasu daga Maraɗi, wasu daga tsallake, suna ture juna wajen ɗaukar makara. Habu ne a gaba.

Allah ya jiƙan Yaya Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya ciyar da 'ya'yan mutane bai bar su sun ji kunya ba, ya Allah ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, ka rufa wa Hajo da 'ya'yansa asiri. Amin.