Yatsun Yaya Abu Da Kalmar "Da Sauƙi"

An sha wuya, ba wani ɓoye-ɓoye. Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayata Abu, kuma har yau in na tuna jinyarta sai gajiyar ta dawo mini sabuwa fil. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji huɗu na tsaya na koma gona a Tudun Wada, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Abin ne ya hana ni sakat.

Yaya Abu ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A Dangora ta yi aure, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da hannuwan nan biyu take murza tunkuza har mai ya tsattsafo. Sai ciwo ya faro mata daga yatsu. Ta tashi da asuba hannu a sandare, ko buta ba ta iya ɗauka sai hantsi ya yi. Muka ce sanyi ne. An yi tsaga, an yi ƙaho, an sha saiwoyi. Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na ɗauke ta sai babban asibiti a Kano.

Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda jiki ke yaƙar kansa. Ba ya warkewa, amma ana danne shi da magani, kuma ƙarfin maganin ya danganta da abin da aka gani ranar. Sai ya kama hannunta yana bi gaɓa-gaɓa yana latsawa: yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, gwiwa, guda ashirin da takwas. Wadda ta kumbura ya rubuta, wadda ke zafi ya rubuta. Kumburi dai yatsansa ke gaya masa. Zafi kuwa sai mai jiki ya faɗa.

To, a nan muka cuci kanmu.

"Mama, nan fa?"

"Da sauƙi."

"Nan?"

"Alhamdu lillahi."

Ni kuma ina tsaye a kanta kamar dogari, ina jin daɗi wai yayata jaruma ce. Ga shi kafin mu fito takan gasa hannuwan da ruwan zafi, ta haɗiyi ƙwayar kemis don ta iya jure mota. Kafin layi ya zo kanmu azahar ta yi, hannu ya saki. Sai likita ya ƙirga uku ko huɗu, ya ce magani na aiki, a ci gaba. Shekara biyu muna wannan zirga-zirga. Ran nan a mota na ce, "Yaya, kin burge ni." Ta harare ni ta ce, "Ɗanlami, wadda ta haifi bakwai ba a ji ƙararta ba, ita za ta yi raki a gaban ƙaninta da likita sa'an ɗan cikinta?"

Wata likita mace ce ta gano mu. Tana latsa hannu, amma idonta na kan fuskar Yaya da ƙafarta. Ashe duk inda ta taɓa, sai Yaya ta danne babban yatsan ƙafa a ƙasa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta dube ni ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Da aka kira ni na dawo, idon Yaya ya yi ja, takarda kuma ta nuna goma sha bakwai. Likitar ta ce mini, "Ba gaisawa muke yi da ita ba fa, awo nake yi." Ban taɓa jin maganar da ta kunyata ni kamar wannan ba.

An canja magani, zafin ya lafa. Amma yatsun sun riga sun karkace sun kwanta gefe guda, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa. Shekara huɗun da ta ƙara a duniya, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Zazzaɓi ne ya zo da ajalinta, ban ce kowa ya kashe ta ba. Yatsun nan dai ina da hannu a ciki. Da na sani ƙeya ce.

Wani lokaci nakan ce, da za ta leƙo yau me za ta ce? Ga injin matsar mai ya shigo, na san sai ta taɓe baki ta ce man da bai sha hannu ba ba ya ƙamshi. Ga waya a hannun kowa, ana kiran asibiti daga ƙofar gida. Komai ya canja, ban da bakinmu. Je ka duba mara lafiya yana nishi, ka ce yaya jiki, ka ji amsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Juma'ar da ta wuce. An yi suna a Dangora, Hadiza babbar 'yar Yaya Abu ta kawo mini ruwa. Ba da yatsu ta riƙe kofin ba, tsakanin tafukan hannu ta matse shi. Zobenta na rataye a wuya da zare. Na ce, "Ke, me ya sami hannunki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, Kawu." Wallahi muryar uwarta sak. Na ajiye kofin ban sha ba.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Haƙuri ta bari, 'ya'yanta suka gada, jama'a na yabo. Ni ma ina yabo, amma haƙuri da hukuncin Allah daban, ɓoye wa likita daban. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Washegarin sunan ina sallame asuba na buga babur sai Dangora. Na gaisa da mijin Hadiza, na nemi iznin kai ta asibiti, ya ba ni. Na tarar an ɗora mata ruwan gasa hannu, na ce a sauke. Na karɓe ƙwayar kemis ɗin da za ta haɗiya na sa aljihu. A mota na ce, "Yau in aka taɓa ya yi zafi, ki ce wayyo. Ba kunya ba ce." A asibiti da aka kira sunanta ta juyo tana jira in shige gaba. Na nemi benci a waje na zauna.