Ranar da Ɗan Bakura Ya Faɗi

Ni nake ɗaure wa ƙanena hannu duk ranar da zai shiga fage. Mahauta ne mu a Maradun, dambe gadonmu ne, sai dai ni tun da na sha naushi sau biyu na gane wuƙa ta fi dacewa da hannuna. Shi kuwa ya yi nisa, har ya kai wasan ƙarshe na neman kambu a Talatar Mafara, wata ranar kasuwa bayan an gama girbi.

Abokin karawarsa wani dogon saurayi ne daga Bakura, bahago, marar yawan magana. Amma ba don su jama'a suka cika wurin ba. An kawo wani shahararren ɗan dambe daga Kano, shi kowa ya zo gani. Ya kashe nasa a turmin farko, wato ya kai shi ƙasa tun ba a je ko'ina ba, mutane suka fara watsewa don su sami mota kafin magariba. Da aka kira wasan kambu, rabin benci babu kowa. Shi ya sa har yau in ana lissafa manyan wasanni ba a ambaton wannan.

Ni kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Turmi uku suka yi babu kisa. Bahagon ya fasa wa ƙanena gira, ƙanena ya kumbura masa kunci, makaɗa har muryarsu ta dishe. Alƙali ya ce a ƙara turmi ɗaya. Ina goge masa jini na ce, "Ka daina bin hannunsa na dama, yaudararka yake yi."

"Na gani, Yaya," in ji shi.

Ba su daɗe da komawa ba ƙanena ya kauce wa bugu, ya kai nasa a ƙasan kunne. Ɗan Bakura ya faɗi, kuma bai motsa ba.

Kiɗa ya tsaya. Ƙanena bai ko ɗaga hannu ba, ya durƙusa gabansa yana kwance zaren hannunsa da haƙori yana salati. Aka yi ta yayyafa ruwa, ana fifita. Ni abin da nake tunani shi ne wa zai je Bakura ya gaya wa uwar yaron nan. Can sai ya yi tari, ya buɗe ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ya faru? An tashi?"

Wani dattijo cikin mutanensa ya ce, "An tashi, ɗana. Kai aka kashe."

"To, madalla," ya ce, ya nemi ruwan sha. Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba.

Ƙanena ya ci kambun, amma daga ranar hannunsa ya yi sanyi. In ya sami wuri sai ya sassauta bugu. Bayan kaka biyu ya ajiye dambe, ya kama gona a Bakolori, shinkafa da damina, albasa da rani. Ya kan tambaye ni ko na ji labarin bahagon, don an ce masa irin wannan bugun yana taɓa ƙwaƙwalwa daga baya. Muka ji ya tafi Kano, ya wuce Abuja, yana ta cin wasa. Duk da haka hankalin ƙanena bai kwanta ba.

Bara muka je ɗaurin aure a Morai, sai ga bahagon cikin babbar riga, ya yi ƙiba. Ya gane mu tun daga nesa, ya riƙe hannun ƙanena ya ƙi saki, suka yi ta gaisuwa, gida, iyali, gona, gajiya. Ya ce shi ma ya bari, yanzu matasa yake horarwa.

Ƙanena ya daure ya tambaya, "Kai fa? Kan naka, lahiya?"

"Lahiya lau. Likita ya duba ni kahin kowane babban wasa, bai ga komi ba. Kai dai wanga tunani ka aje shi."

Da za mu tafi ƙanena ya ce lallai sai ya biyo ta gona. Ya biyo kuwa, muka ci tuwon sabuwar shinkafa a gindin mangwaro, aka loda masa buhun albasa a bayan mota, ya kama hanyar Bakura da sauran rana.