Motar Kawu da Ke Aiki a Tsaye

Kawuna direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar wata cibiyar tara jini, kuma kafin abin da zan ba da labarinsa, inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba. Ina so a fara sanin wannan, domin wata biyu da suka wuce an miƙa masa takarda da ta kira shi mai sakaci, kuma ni ce sanadi.

Ƙanen mahaifiyata ne. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Bai yi nisa a boko ba, a aji huɗu ya tsaya. Ya fara da wankin motoci a wani gareji, ya koma tuƙin babbar mota, har wani haɗari da ya gani da idonsa ya sa ya ce ya gama da tafiyar nesa. Daga nan ya samu aiki a cibiyar. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu, ya ce kulocin manyan motoci ne ya bar masa wannan tsarabar. A gida ba shi da yawan magana. Matarsa takan ce in kana son jin muryarsa, tambaye shi lafiyar mota.

A wurin aiki Mai Hanci ake ce masa. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge ta, ya mayar, ya sake zarowa. Ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Sauran direbobi su ce, "Mai Hanci, yau gishiri ya ji?" Shi kuma ya ce, "Ya ji. Taka miyar ce ta kwana ba ɗumame."

Motarsa farar bas ce da aka cire wa kujeru, aka sa gado biyu na masu ba da jini, da firji na ajiye ledojin jinin. Firjin da na'urar sanyaya cikin motar duk a jikin injin aka haɗa su. Saboda haka in an je bakin wata makaranta ko gefen kasuwa aka tsaya tun takwas na safe, injin a kunne yake wuni har yamma. A rana ba ta cika cin kilomita ashirin ba. Duk da haka Kawu ba ya barin wata ɗaya da rabi ya wuce bai kai ta juye ba, a zubar da tsohon mai, a sa sabo da sabuwar filta.

Ni kuma na gama jami'a, na yi zaman gida na shekara biyu. Kawu ne ya gaya mini ana neman mai kula da motoci a cibiyar. Na zauna jarrabawa na ci, aka ɗauke ni gwaji na shekara ɗaya. Amma tun ranar farko na san abin da ake faɗa a bayana: kawunta ne ya shigo da ita. In na bi ta gaban bencin direbobi sai hira ta yanke. Na koyi tafiya da fayil a ƙirji ba na duban kowa.

A satina na biyu Manaja ya kira ni. Ya ce juye ya yi yawa, ana zargin wasu direbobi suna karkatar da mai, ga shi an koma sabon baƙin mai, irin wanda ake haɗawa a masana'anta, da ake kira sintetik, wanda ya fi na da daɗewa. Ya ce in tsara doka. Na karanta bayan galan, na karanta littafin motocin. Na ga an rubuta kilomita dubu goma sha biyar, ko shekara ɗaya. Na zana jadawali mai kyau, na manna a bango. Aka shafa jan fenti a ƙusar juye ta kowace mota, don a gane in an kwance. Direba zai iya ƙara mai in ya ragu, amma ba juye sai da sa hannuna.

Bayan wata biyu Kawu ya tsaya a ƙofar ofishina, hula a hannu. Ƙofar tana kallon bencin direbobi, kuma bencin a cike yake.

"Uwata, motata lokacin juye ya yi."

"Kilomita nawa ta ci, Kawu?"

"Ɗari tara da 'yan kai."

Wani ya yi dariya a waje. Na nuna masa jadawali, na ce saura dubu goma sha huɗu.

"Agogon nan taya yake ƙirgawa," in ji shi. "Tayoyina hutawa suke yi. Injin ne ba ya hutawa."

Na ce wannan man ba irin na da ba ne, masu ilmin abin ne suka auna shi.

"Na yarda ya fi na da. Na murza, na ji. Inda wancan zai yi wata ɗaya, wannan zai yi biyu, ƙila uku. Amma shekara? Tela a kan kekensa ba ya zuwa ko'ina, Uwata. Da yamma ki tambaye shi ƙafafunsa."

Na ɗauki biro. Wallahi na ɗauka. Sai wani direba da ake kira Dogo ya leƙo, yana murmushi, ya ce, "Sa masa hannu mana, Madam. In ba ki yi wa kawunki ba, wa za ki yi wa?"

Na ajiye biron. Na ce doka ɗaya ce ga kowa. Kawu ya dube ni kaɗan, ya sa hularsa, ya ce, "To, ranki ya daɗe." Bai taɓa ce mini haka ba.

Bai sake zuwa da baki ba. Ya je wurin Manaja, Manaja ya ce ya koma wurin 'yarsa. Sai ya koma rubutu. Sau uku a cikin watannin da suka biyo baya na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofa, da rubutunsa manya-manya kamar na ɗan firamare, da kwanan wata a sama. Ta farko ta ce mai ya yi baƙi. Ta biyu ta ce yana warin fetur. Ta uku layi ɗaya ce: "Mai ya yi kauri, yana warin ƙuna. A taimaka." Kowacce na karanta, na duba agogon motar, na ga ko dubu huɗu bai kai ba, na jefa ta a durowa. A gidan mahaifiyata kuwa yana zuwa kamar kullum, ya tambaye ni aiki, in ce lafiya, ya ce madalla.

A wata na bakwai abin ya faru. Sun je bakin wata kwaleji, ɗalibai sun fito da yawa. Wajen ƙarfe biyu jar fitila ta kama, injin ya yi wata ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya, ya tsaya. Firji ya tsaya. A cikinsa akwai leda arba'in da shida. Aka kira ni, na tura wata motar da akwatunan sanyi, cunkoso ya riƙe ta kusan awa uku. Babbar nas ta gaya mini daga baya cewa Kawu ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙanƙara, yana ɗaukowa a bokiti, yana jan ƙafarsa, har rigarsa ta jiƙe. Bai isa ba. Ma'aunin zafi ya haura inda aka yarda, kuma jinin da ya yi ɗumi ba a sa wa mutum.

Ina tsaye aka zubar da su a babban kwandon ƙonawa. Nas tana kiran lamba, wata tana sokewa. Ban san wa ya nemi jini a satin nan aka ce masa babu ba. Ban tambaya ba, kuma har yau in na ji mota tana ruri a tsaye sai in tuna kwandon nan.

Da bakanike ya kwance ƙasan injin, da cokali ya riƙa kwasar abin da ke ciki, baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya tambayi wa ke kula da motar. Bai jira amsa ba. Ya ce, "Mai kyau ne aka sa, amma ko mai kyau yana da iyaka. Motar da ke wuni a kunne ba a bin kilomitarta, awa ake bi. Awa ɗaya a tsaye, ku ɗauka ta yi tafiyar kilomita arba'in." Na koma ofis na lissafa. Awa ta haura dubu ɗaya da ɗari uku. Na buɗe littafin motar, na wuce shafin da na kwafa da shafi biyu. Bayanin yana nan, ƙarƙashin taken aiki mai tsanani. Ban taɓa juyawa zuwa can ba.

Kawu aka ba takardar tuhuma. Ta ce direban da ya haura shekara talatin a aiki ya kamata ya lura, ya kai rahoto a rubuce, bai yi ba. Aka dakatar da shi, aka sa ranar zaman kwamiti. Wata huɗu ya rage ya yi ritaya. In aka same shi da laifi, kora ce.

Ana jibi zaman, ya zo gidanmu bayan la'asar. Ya gaida yayarsa, ya ce in fito tsakar gida.

"Takardun nan uku, suna ina?"

"A durowa."

"Ki bar su can."

"Kawu, za su ce kai ne."

"Ai sun riga sun ce." Ya gyara zama a kan benci. "Ni wata huɗu ya rage mini. Ke yanzu kika fara, ga shi ko tabbatar da ke ba a yi ba. Shekara biyu kika yi a ɗakin can kina kallon rufi, na gani da idona. Ba za ki koma ba."

"Shekara talatin da ɗaya fa."

"Na san adadinsu, ni na yi su. Kuma ina da nawa laifin. Ina ji a hancina, na bar fenti ya tsorata ni. Da na kwance ƙusar nan, a yi mini faɗa, a wuce wurin." Ya miƙe. "In an tambaye ki, ki ce ba ki tuna ba. Ki ji magana ko sau ɗaya."

Ranar zaman, a ɗakin taro, mutum uku ne a bayan tebur, Manaja a tsakiya. Kawu yana kan kujerar roba a gefe, ya sa rigar aikinsa da aka goge. Aka tambaye shi, ya ce mota a hannunsa take, abin da ya same ta shi ya kamata a tambaya. Sai aka juyo kaina. Manaja ya ce, "Ya taɓa kawo miki ƙorafi a rubuce?"

Takardun suna cikin jakata. Ban san lokacin da na yanke shawarar ɗauko su ba. Kawu yana kallon ƙasa. Na buɗe jakar, zif ɗin ya maƙale, na ja har ya tsinke. Na jera su uku a kan tebur. Na ce ya kawo, ga kwanan wata, ni na ƙi sa hannu. Na ce jadawalin ma kuskure ne, na faɗi shafin. Manaja ya daɗe yana kallon ta ukun.

Bayan sati ɗaya aka janye tuhumar Kawu, ya koma aiki. Ni kuma aka rubuto cewa ba za a tabbatar da ni ba. Ban yi jayayya ba.

Kwana tara bai zo gidanmu ba, bai ɗauki wayata ba. A na goma na ji sallamarsa. Ya zauna a bencin nan, bai dube ni ba.

"Na ce ki yi shiru."

"Ka ce."

"Uwarki ma haka take. Tun muna yara ba a gaya mata ta ji." Daga ɗaki mahaifiyata ta ce tana jinsa. Ya ce ai don ta ji ya faɗa.

Ya murza gwiwarsa.

"An sa wa motar sabon inji. An kuma kawo wani a kujerarki, shi ma da digirinsa. Jiya na ce masa a riƙa ƙirga awa, ya ce in kawo a rubuce, da hujja." Ya zaro littafin motar daga aljihu, ya ajiye kusa da ni. "Nawa rubutun kin san inda yake ƙarewa. Ki rubuta masa irin naku, da lambar shafi, da lissafin nan na bakanike. Wata uku ya rage mini, kuma wanda zai gaje ni ko bonet ba ya ɗagawa."

Na ce ban san ko zai karɓa daga hannuna ba.

"Ba sunanki za ki sa ba, nawa za ki sa. Ɗauko biro, Uwata, rana na tafiya."

Na shiga ɗaki na ɗauko. Layin farko ya karkace, na yage takardar na sake wata. Shi yana faɗa, ni ina rubutawa.