Ɗinyar Yaya Larai

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli a kasuwar Dutsin-Ma ya san Malam Sodangi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai keken ɗinki na ƙafa, wanda ya ƙi na lantarki ƙememe, wai ba zai zauna yana zaman jiran wuta ba alhali Allah ya ba shi ƙafafu. Magana kuwa tsada take yi masa. In ka kawo yadi sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Jibi." To jibin ce, kuma iyakar hirar ke nan. Matarsa Hassana takan ce da a ce da surutu ake ci da gida, da yunwa ta daɗe da gamawa da su.

Sau ɗaya a shekara, in kaka ta yi ɗinya ta nuna, yakan rufe shago ya tafi wajen yayarsa Larai, wadda ke zaune a wani ƙauye ta wajen Kurfi. Ba titi yake bi ba. Mai babur ya sauke shi a tsohon ƙauyensu bayan Shema, daga nan ya kama hanyar ƙafar da mahaifiyarsu takan bi da su zuwa gidan kakanni: a ratsa kurmi, a gangara kwazazzabo, a haye dutse. A cikin kurmin akwai wata tsohuwar bishiyar ɗinya inda Inna takan sauke kaya su huta. Tun da idon Larai ya tafi, shi ke tsinto mata 'ya'yan ɗinyar nan a jaka, ya kai mata haɗe da labarin hanya. Ya kwana a can, gari ya waye ya biyo mota.

Shekarun da daji ya yi zafi da 'yan bindiga, ba mai bin hanyar. Sai ya riƙa zuwa a babur da ɗinyar kasuwa a leda. Ya gaishe ta mai babur na jira a ƙofar gida, kafin la'asar ya juyo. Larai takan miƙa hannu ta shafa bakin wandonsa, ta ji babu ƙarangiya ko ɗaya, ta yi shiru. Shirun nan yakan bi shi har gida.

Bana hanya ta yi lafiya, sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Keken da ya ciyar da shi, ya aurar masa da 'ya'ya, shi ya cinye masa gwiwar dama. Shi kuwa ya sa a ransa cewa ran da ya kasa kai ɗinyar nan da ƙafarsa, ba shi da sauran abin da zai yi wa 'yar'uwar da ta rage masa a duniya.

"Malam," in ji Hassana da ta ga yana neman sanda, "gwiwar da ko ruku'u sai ta yi ƙara, ita za ka kai dutse?"

"Zan lallaɓa."

"To mu lallaɓa tare. In ka tsaya a kwazazzabo, gara a samu mai kai labari gida."

Haka ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ƙulle fura a kwano, ta bi shi. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa taka hanyar ba.

Da hantsi suka shiga kurmi. Sanyi ya tarye su kamar an buɗe bakin randa. Manyan kanya da maɗaci da tsamiya sun haɗe kai a sama, rana sai dai ta leƙo, busassun ganyaye na ƙara a ƙarƙashin takalmi. Can wata fakara ta tashi fir, Hassana ta dafe ƙirji, Sodangi ya yi dariya har da tari. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ga kukar da zuma ta taɓa korar kawunsu har ya bar hularsa. Ga inda Larai ta goya shi ran da ƙaya ta soke shi, tana tafe tana yi masa faɗa.

"Ashe kana da baki," in ji Hassana. "A daji ka aje shi, shi ya sa ban taɓa ganinai ba."

Ɗinyar tana nan, ta zubo baƙi ƙirin. Shi ya zauna a kan saiwa yana nuni da sanda, ita tana tsinta tana kai rabi baki, har haƙoranta suka rine. Daɗi ya cika shi, irin wanda ya kwana biyu bai ji ba.

Gangarar kwazazzabo da zaune ya yi ta, yana jan jiki. A ƙasa yashi ne fari, bango ja ya miƙe ta kowane gefe, tsuntsaye sun huda shi sun yi gidaje. Suka tona yashin da hannu, ruwa ya tsattsafo, suka jira ya kwanta, suka yi alwala, suka yi azahar, suka dama fura. A hawan fita ne gwiwar ta riƙe. Ya daure ya fito, amma da suka iso gindin dutsen ya ɗaga kai, sai ya nemi wuri ya zauna. Ya san jikinsa. Ko ya haye yau, ba zai sake hayewa ba, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Hassana ba ta ba shi haƙuri ba. Ta karɓe jakar ta ɗora a ka, ta juyo masa kafaɗa.

"Dafa. Ba mai ganinka nan sai rema."

A cikin gari da ko da wasa ba zai yarda ba. Ya dafa. Suka hau a hankali, suna yi suna tsayawa, remaye na leƙensu daga kogo suna komawa. A ƙoli iska ta buso, ga gonakin dawa sun yi jajir har iyakar gani, ga garken shanu can ƙasa, ga rufin kwanon ƙauyen Larai na walƙiya. Ya daɗe yana kallo, don ya samu abin da zai faɗa mata daidai.

La'asar sakaliya suka yi sallama. Larai na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Aka gaisa, ta yi wa Hassana barka da hanya, sannan ta miƙa hannu kamar kullum. Ƙarangiya ta cake ta, ta yi murmushi. Hannun ya ƙara sama, ya tarar da gwiwa ta kumbura suntum.

"Yaya," in ji Sodangi, ya ajiye jakar a gabanta, "ga ɗinya. Amma ta bana ce ta ƙarshe. Ƙahwa ta gaza."

"Ɗinya?" Larai ta yi dariya. "Jikoki ke shanye ta. Ni tun muna yara ba ta dame ni ba, kai ne mai kuka sai an tsaya an tsinta maka."

Sodangi ya dubi bakin wandonsa.

"To ƙarangiyar da kike laluba hwa?"

"So nike in san ko in sa a ƙara tuwo. Wanda ya zo da ƙahwa, gajiya kan sa shi ya kwana, ya yi mani hira. Wanda ya zo bisa babur, ko ruwa bai gama sha ba ana yi mashi oda a ƙohwa." Ta dafa gwiwar a hankali. "Baɗi ka hau babur ɗinka, Auta. Sai dai in ya sauke ka, ka sallame shi ya tahi."

Hassana ta kau da kai, ta shiga cire ƙarangiya daga bakin zanenta. Sodangi ya jingine sandarsa a bango. Can ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafar a kan tabarma, ya gyara zama.

"Kukar nan ta Kawu," ya ce, "zuma ta dawo cikinta."

"To," in ji Larai, ta juya ta ƙwala kira cikin gida a ƙara garin tuwo.