Ankon da Na Tura Tagwai

A lokacin da abin nan ya faru, ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a Tudun Fulani, nan Minna, muna koya wa zawarawa da matan aure haɗa sabulu da man shafawa. Ni na kafa ta a zauren gidanmu, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Duk taron unguwa kujerar gaba ake ba ni. Har atamfar anko muka buga mai sunan ƙungiyarmu ɓaro-ɓaro, ko daga tsallaken titi mutum zai karanta. Sakatariyata ta farko wata 'yar Gbagyi ce, Kirista, daga gidan manoma a wajen dam ɗin Tagwai. Ni na koya mata tsayawa gaban jama'a ta yi magana ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Yaya take kirana, ni kuma ina mata kallon ƙanwar da na goya.

Daga baya ta koma ƙauyensu ta haɗa kan matan da ke bandar kifin dam. A kan rabin ganga suke banda, hayaƙi ya ci idanun da yawansu, tsofaffin ciki kullum hawaye na zuba kamar masu yankan albasa. Burinta ɗaya ne, ta samo musu murhun banda na zamani mai bututun fitar da hayaƙi. Da wata gidauniya ta sanar za ta tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi, mu duka muka nema. Sai aka kira ta aka ce za a zo ganin aikinta, ni kuwa ko sannu ba a aiko mini ba. Ranar da ta bugo waya tana dariya tana gode wa Allah, na taya ta murna da fatar baki kawai. Yarinyar da a hannuna ta koyi buɗe taro, wai ita za a je gani, ni ina zaune. Kishi ne tsagwaronsa, irin wanda ban taɓa sanin ina da shi ba.

Akwai wata ɗabi'a tsakanin ƙungiyoyinmu. Masu ba da tallafi suna son ganin jama'a, saboda haka ranar da za su zo sai mu ara wa juna mata a cika fili. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, kara muke kiransa. Amma yana da ƙa'idar da kowa ya sani: matan aro da kayan gida suke zuwa, su zauna a baya, su yi tafi, su kama bakinsu. Ranar ziyarar ta faɗo a tsakiyar tonon doya, rabin matanta suna gona, sai ta zo har gida ta durƙusa ta roƙe ni in ara mata nawa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai abinta nawa ne. Tana fita na aika wa matan cewa kowa ta sa anko, har da ɗankwalinsa. Na yi ta gaya wa kaina so nake kawai baƙin su san mu ma muna nan. Amma na san abin da zai faru, na san shi sarai.

Da motarmu ta tsaya matan suka fito jere, na ga fuskarta ta canza, sai dai baƙin sun riga sun zauna. Shugabarsu, wata mata mai tabarau, ta bi atamfar da kallo, sannan ta kira ɗaya daga cikin matana ta tambaye ta da wane itace take banda. Baiwar Allah ta yi dariya ta ce ita sabulu take yi, Hajiya, wato ni ke nan, ita ce ta ce su zo su yi kara. Baƙin ba su yi faɗa ba. Ko kunun da aka kawo ba su taɓa ba, suka miƙe. Ƙanwar tawa ta bi su har mota tana roƙon su leƙa can bayan gidajen kawai, inda tsofaffin suke tsaye kan ganguna cikin hayaƙi, amma ba su leƙa ba. Ni kuwa a hanyar dawowa wani sanyi na ji a raina, kuma wannan sanyin ya fi komai ba ni kunya yanzu.

Tallafin ya tafi wani wuri. Mutanen ƙauyen suka ce ta kunyata su gaban baƙi, matan suka sauke ta daga shugabanci, ƙungiyar ta watse. Daga baya ta bi mijinta Wushishi suka kama noma. Da abin ya hana ni sakat, sai na shirya na tafi neman gafara. Ta tarbe ni da gudu, ta yanka mini kaza, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Ina gyara zama zan fara magana, sai ta riga ni. Ta ce in yafe mata, laifinta ne da ba ta tuna mini zancen anko ba, ta san ayyuka sun yi mini yawa, ga shi ta jawo sunan ƙungiyata ya ɓaci a banza. Tana faɗa tana share hawaye. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa babu komai, na yafe.

Abin da na koya shi ne, mai kishi ba ya tsayawa ya duba wa zai cutu, shi dai kada wani ya samu. Ni ita na nufa, amma tsofaffin da ban ma san sunayensu ba su ne har yau suke tsaye cikin hayaƙi. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu ƙungiyoyi, idan aka zaɓi wata aka bar ki, ki zauna a gida har zuciyarki ta huce kafin ki ce za ki taimaka. Ni ban zauna ba. Har gobe tana aiko mini da doya duk kaka, tana kirana Yaya, ni kuma ina amsawa.