Ango, Ƙwayar Ƙarin Jini da Shayin Ɗiyarka

Da girbin bana shekara tara ke nan da muka kai Ango mai amalanke makwancinsa a Tibiri. Aminina ne tun muna kiwon awaki. Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma na shiga ne don malamar tana da fara'a. Wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, mai shi ma haka yake tafiya.

Ango ko wannan bai samu ba. Amma lokacin da jini ya yi masa ƙaranci aka kai shi likita a Dogon Dutsi, sai da ya tsare ma'aikacin da tambaya har bawan Allah ya share gumi. Wannan maganin kafin tuwo ko bayan tuwo? Da ruwa ko da hura? Da ya dawo gida, ƙwayar ƙarin jini ya ƙulle ta a hannun butar alwala, don ya sha da asuba, tunda an ce masa ciki wayam ta fi so. Bitamin ɗin da aka ce sai da maiƙo ya rataye shi a jikin akushinsa. Muka yi ta dariya, wai Ango ya yi wa buta laya. Ya warke sarai, ya ƙara shekaru yana kora jakinsa zuwa Ɗan Kassari.

Da zai leƙo yau, na rantse komawa zai yi da gudu. Ranar kasuwa ga masu talla da roba a ka, kwalayen magani sun sha rana har sun koɗe, a jiki hoton ƙato mai damatsa kamar turmi. Na ga wani a tasha ya watsa ƙwaya kala-kala a baki kamar gyaɗa, ya danna su da shayi, ya yi gyatsa. Ba mai tambayar yaushe ake sha, ko da me. An saya da tsada, shi ke nan, sauran aikin na Allah ne. Tir!

Da a tasha abin ya tsaya da na tofar da yawu na wuce. To ya shigo gidan Rakiya, autar Ango. Ciki gare ta, ya tsufa, fatar idonta fara fat, guga ɗaya in ta ja sai ta zauna tana haki. Ungozomar asibiti ta ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta ce da ruwa za ta sha, in da lemu ya fi, in zuciya ta tashi ta ɗan taɓa abinci. Amma ta nisanta ta da shayi da madara, don riƙe maganin suke su hana shi shiga jiki. Mijinta Sanusi kuwa, ɗan kasuwa mai son matarsa, kullum da safe sai ya haɗa mata shayi mai kauri da madarar gwangwani, ya miƙa mata ƙwayar da hannunsa. Mu nan mun san inda macen da ta durƙusa haihuwa ba jini take ƙarewa.

Na same shi a shago. "Sanusi, mi ungozoma ta ce?"

"Haba Baba, ai duk ciki guda za su."

"To gobe zuba miyar kuka cikin shayinka, tunda ciki guda za su."

Ya yi dariya ya koma kan wayarsa. Rakiya kuma ta ce, "Baba, ya zan ƙi abin da ya haɗa mini da hannunsa?"

Sai na tuna a ƙasar nan ba a shan abu tsoho na zaune yana kallo. Yanzu kullum da sassafe ina ƙofar gidan da sallama, lemu a aljihu. Dole a miƙo wa Baba kofin shayin da aka haɗa mata. In shanye tas, ita ta haɗiye ƙwayarta da ruwa ta tsotsi lemu, nata shayin sai hantsi ya yi. Unguwa ta sa mini suna tsoho mai kwaɗayi. Matata ta ce na zubar mata da mutunci. Ba wanda ya san madara ba ta shiri da cikina, da sassarfa nake komawa gida, ko gaisuwar hanya ba na amsawa.

Me ya saura na Ango? Amalanken an sayar, jakin ya mutu, mutane sun daina ambatonsa. Rakiya ce ta saura, da abin da ke cikinta. Ran Juma'a ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa ta ce, "Baba, duba." Na duba. Ja ya fara shigowa.

Allah ya jiƙanka, Ango. Kofin nan ba zan ajiye shi ba sai ɗiyarka ta sauka lafiya, ko da cikina zai yi ta ƙugi har ranar suna.